Tsami: lalacewa ko nuna?

Kalmar tsami ba ta da farin jini a Hausa. In an ce zumunci ya yi tsami, to ana dab da rabuwa; miya in ta yi tsami, sai zubarwa. Amma da kalmar nan dai muke yabon nono da kunun tsamiya. To wa ke yanke hukunci, harshen da ke ɗanɗano ko harshen da muke magana da shi?

Hutun bara na tafi ƙauyenmu, tsakanin Tasawa da Mayahi. Kakata ta dama mini hura da nonon da ya kwana biyu cikin ƙwarya. Na kurɓa, na yamutsa fuska, na ce a kawo sukari. Ta dube ni ta ce, "Kai ɗan nan, boko ya kashe maka baki." Na yi dariya, amma maganar ta zauna mini. Shekara uku ina shan nonon leda mai zaƙi a Yamai, har na fara ɗaukar tsamin gidanmu a matsayin ƙauyanci.

Abin da ya ƙara mini kunya daga nesa ya zo. A garin Roeselare na ƙasar Beljiyam akwai kamfanin Rodenbach, tun 1821, mai yin wata jar giya da ake ajiyewa cikin manyan gangunan katako har shekara biyu don ta yi tsami, sannan a gauraya tsohuwa da sabuwa. Ni ba mashayi ba ne, addinina ya hana, ba kuma talla nake ba. Abin lura shi ne ƙwayoyin halittar da ke tsamar da ita dangin waɗanda ke tsamar da nono ne. Can ana koyon ɗanɗanarta sannu a hankali, ana kiran abin gwaninta. Nan kuwa tsohuwa ta bar ɗan tsohon nono a gindin ƙwarya don sabon ya kama, jikanta ɗan jami'a ya nemi sukari.

Wani zai ce ai tsami ma yana cutarwa. Gaskiya ne, hurar da ta wuce lokacinta tana ɓata cikin yaro. Ke nan iyakar tana nan, ba ƙirƙirar baki ba ce. Sai dai ƙamus bai raba su ba, duka tsami ya ce. Kakata kuwa da sansana guda take rabewa, kafin ludayi ya shiga. Ni da nake nazarin harshe, in aka ajiye mini ƙwarya biyu yau, wallahi ban san wadda zan miƙa wa ƙanena ba.