Haƙƙin Wanda Aka Zalunta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya haramta wa kanSa zalunci, kuma Ya haramta shi a tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ka sani ya kai ɗan'uwa, duk laifin da aka aikata a kan ɗan Adam mutum uku ya shafa: wanda ya aikata, da hukuma, da wanda aka cuta. Na farko ba a manta da shi ba. Sashe na 35 da na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 sun tanadar masa beli da lauya da damar kare kansa, kuma haka ya dace, domin ba a hukunta bawan Allah a kan zato. Hukuma kuwa tana da ɗan sanda da mai gabatar da ƙara da alƙali da gidan yari. Na ukun shi ne abin maganata: manomin Garo ko Gude da aka kwance wa shanun huɗa ana gab da faɗuwar damina, da ɗan acaɓar da aka ƙwace wa babur a hanyar Gwarzo alhali bai gama biyan kuɗinsa ba, da uwar da aka daɓa wa ɗanta wuƙa saboda wayar hannu.

Dubi abin da ke samun irin wannan mutum. Shi zai kai rahoto da ƙafarsa, shi zai biya kuɗin asibiti, shi zai biya wa shaidu kuɗin mota duk ranar zama. Ya bar gonarsa ya zo, a ce an ɗage shari'a, ba wanda ya aika masa tun jiya. In Allah Ya sa an gano babur ɗin, sai a ajiye shi a matsayin shaida, rana da ruwa su cinye shi kafin a yanke hukunci. A takardar ƙara ma babu sunansa a sama, Kwamishinan 'Yan Sanda ne ko Gwamnatin Jiha ke ƙarar wane. Shi mai haƙƙin ya koma shaida na ɗaya a kan abin da ya same shi. Ranar hukunci a ci mai laifi tara, tarar ta shiga aljihun gwamnati, mai shanu ya hau mota ya koma gida hannu rabbana.

Wannan ciwo ba sabo ba ne a ƙasar Hausa. Cikin abubuwan da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya aibata sarakunan zamaninsa da su a Kitabul Farƙi akwai mayar da hukuncin Allah hanyar cin dukiya: a kama mai laifi, a karɓe masa abin hannunsa, a bar hukuncin da shari'a ta yanke. Fada ta ƙaru da cutar da aka yi wa talaka. Ƙanensa Malam Abdullahi kuwa a nan Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami, bisa roƙon mutanen garin, don ya nuna wa masu mulki yadda ake tsayar da hukunci. Saboda haka mai neman a mayar wa wanda aka cuta matsayinsa ba baƙon abu ya ɗauko ba.

Fiƙihun Malikiyya da muka tashi muna ji a zaurukan malamai ya ɗora mai haƙƙi a tsakiyar shari'a. A kisan ganganci, waliyyan jini ke da magana, kamar yadda aya ta 33 ta Suratul Isra'i da ta 178 ta Suratul Baƙara suka nuna. In sun nemi ƙisasi a yi, in sun yi sulhu a kan diyya a biya su, in sun yafe ladansu na wajen Allah. Sarki ba shi da ikon yafe jinin da ba nasa ba. An ƙayyade diyya: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, kuma a kisan kuskure dangin mai kisa na wajen uba ke haɗa ta cikin shekara uku. Kayan sata in an same su na mai su ne, ko da an yanke wa ɓarawo hukunci. Akwai ma wata mas'ala da Imamu Malik ya saɓa wa akasarin limaman mazhabobi a kanta: idan wanda aka sara ya ambaci sunan wanda ya sare shi kafin rai ya yi halinsa, wannan magana tasa ta isa ta buɗe wa magadansa ƙofar rantsuwa hamsin, wato ƙasama. Har a bakin kabari ba a toshe wa wanda aka zalunta baki ba.

Kada kuma a zaci an bar jama'a ba kariya. Wanda aka yafe wa kisan ganganci, a mazhabar Malik, sai an yi masa bulala 100 an ɗaure shi shekara guda. Kisan gilla, irin wanda ake yaudarar mutum a kashe shi don dukiyarsa, babu yafiya a cikinsa ko waliyyai sun so. Kowane haƙƙi da mazauninsa, na Allah daban, na bawa daban, ba a biyan ɗaya da ɗaya.

A 1960 Jihar Arewa ta koma kan kundin Penal Code, wanda aka ɗauko samfurinsa daga na Sudan, shi kuma daga na Indiya na 1860. A wannan tsari laifi cin zarafin gwamnati ne, ita ke ƙara, ita ke janyewa. Har yau sashe na 211 na tsarin mulki ya ba Antoni Janar na jiha ikon dakatar da shari'ar laifi, sashe na 212 ya ba gwamna ikon afuwa, kuma babu ɗayansu da ya shardanta a tambayi wanda aka cuta. Su ma Turawan da aka gaji wannan tsari daga gare su sun ga giɓin daga baya. Ingila ta fara biyan waɗanda aka raunata daga asusun gwamnati a 1964, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta fitar da sanarwa a 1985 cewa wanda aka cuta yana da haƙƙin a mutunta shi, a sanar da shi inda shari'arsa ta kwana, a mayar masa da abinsa, a biya shi.

Mu ba rashin doka ke damunmu ba. Kano ta dawo da ƙisasi da diyya a kundin shari'arta na 2000. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta a sashe na 319, kuma Kano ta yi tata dokar a 2019. Amma mutum nawa ne a Durun ko Getso suka san suna iya tashi a gaban alƙali su nemi a biya su kuɗin magani da asarar noman shekara? Mai gabatar da ƙara ne ya kamata ya nema musu, tun ranar farko ya karɓi rasiɗin asibiti da ƙimar abin da aka rasa ya sa a fayil. Limamai da masu unguwanni su faɗa wa jama'a, domin haƙƙin da mai shi bai sani ba da wuya ya kai hannunsa.

Akwai wata cuta kuma da ke zuwa cikin rigar addini, ita ta fi damuna. Da zarar an kama ɗan wani mai hali, sai manya su cika zauren wanda aka cuta: ka yi haƙuri, ka bar wa Allah, zumunci ya fi. Ya duba ya ga mai gidan da yake haya, da mai ba shi taki bashi, da surukinsa, sai ya sunkuyar da kai ya ce ya yafe. Yafiya ibada ce babba, amma sai ta fito daga mai ikon ƙi. Lokacin da Rubayyi'u 'yar Nadru ta karya haƙorin wata yarinya, an roƙi dangin yarinyar suka ƙi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta ƙisasi duk da girman gidan Rubayyi'u a cikin Ansaru. Sai da haƙƙi ya tabbata a hannunsu sannan suka sauko da kansu. Abin ya fi muni a shari'ar fyaɗe, inda ake kashe magana da sunan rufin asiri, a bar yarinya da ciwo, a bar mai laifi yana yawo a unguwa.

To, idan ba a gano mai laifi ba fa, ko aka gano shi ba shi da ko anini? An tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Haibara, danginsa ba su ga kisan ba balle su rantse, sai Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya biya diyyarsa raƙuma 100 don kada jininsa ya tafi a banza. Wannan hujja ce ga jihar da ke da Hukumar Zakka da Hubusi ta ware asusu na musamman, kuma a riƙa zuba wani kaso na tarar kotuna a cikinsa, don marayun wanda aka kashe da wanda aka nakasa.

Mu da ke yammacin Kano muna maƙwabtaka da Katsina, muna jin labarin sulhun da aka yi da 'yan bindiga a 2016 da 2019 a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, da waɗanda suka biyo baya. Ban ƙi sulhu ba, tsayar da zubar jini alheri ne. Sai dai malamanmu sun yi bayanin aya ta 34 ta Suratul Ma'ida filla-filla: ɗan fashin da ya tuba kafin a kama shi, haddin Allah ya faɗi daga kansa, amma ana binsa jini da dukiyar mutane. Duk zaman sulhun da za a yi, a can ko a nan in ta kama, a fara da rubuta sunayen waɗanda aka kashe da adadin shanun da aka kora da kuɗin fansar da aka karɓa, a kawo magada su zauna a wurin, a ji daga bakinsu abin da suka yafe da abin da suke bi.