Wasiƙar da Na Goge

Aikina shi ne kula da saba, kwamfutar da ke karɓar imel ɗin ma'aikatan wata makaranta tana ajiye musu. A gabanta na fara tambayar kaina ko mece ce yafiya.

A tsohon tsari, mbox, wasiƙun mutum duka a fayil ɗaya suke, kamar buhuna a sito. In za ka zare na tsakiya, sai ka taɓa na samansa. A shekarun 1990 Daniel Bernstein ya kawo Maildir, kowace wasiƙa da fayil ɗinta. Amma saurin nemo wasiƙa da mutane ke yabawa, mafi yawansa daga fihirisa yake. Dovecot, manhajar da Timo Sirainen ɗan ƙasar Finland ya fitar a 2002, tana riƙe da ɗan kundi a gefe: wasiƙa kaza tana wuri kaza, an karanta ta ko ba a karanta ba. Almajirai sun san daɗin wannan. Muhammad Fu'ad Abdul-Baƙi bai ƙara wa Alƙur'ani ko wasali ba, amma da fihirisarsa kalma ɗaya ta isa ta kai ka ga aya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai gogewa ce. A ƙa'idar IMAP, wadda ake bi wajen karanta imel daga saba, in ka goge wasiƙa alama kawai ake ɗora mata. Tana nan daram sai an ba da umarni na biyu.

Yayana ya taɓa aiko mini da wasiƙa mai zafi kan gonar gado. Na ce masa na yafe, na kuma goge ta. Sai dai duk ranar da muka haɗu, layinta na farko kan faɗo mini a rai, ko saba ba ta kai wannan sauri ba. Na daɗe ina tsoron ko munafunci nake yi.

Wani malami ne ya tuna mini cewa asalin kalmar gafara a Larabci rufewa ne. Allah ba Ya mantuwa, mala'iku na rubutawa, kuma Shi ne Mai gafara. Ashe ba a ɗora mini share abin daga ƙwaƙwalwa ba, wannan ba ya hannuna. Abin da ke hannuna shi ne kada in zaro shi in ɗora a faifai duk lokacin da rai ya ɓaci.

Da Sallar da ta wuce muna zaune a zauren gidanmu, ya ɗauko zancen gonar. Wasiƙar ta taso mini har maƙogwaro. Na tura masa ƙwarya na ce, "Yaya, ƙara fura."