Wa Ya Ci Bashin, Wa Zai Biya?

Wata rana da la'asar muna zaune a ƙofar gida a Unguwar Gano, sai jirgin sama ya gifta ya nufi filin jirgin Malam Aminu Kano. Wani ɗan garuwa da ya tsaya hutawa ya ɗaga kai ya ce, "Malam, an ce da bashi aka gina sabon masaukin can. Ni da ban taɓa hawa ba, har da ni a biya?" Na yi dariya, amma har na kwanta tambayar tana cina.

Gaskiya har da shi. A shekarar 2013 Gwamnatin Tarayya ta ci bashin dala miliyan 500 daga bankin Exim na ƙasar Sin, don gina sababbin masaukan fasinja a Abuja da Legas da Fatakwal da Kano. Sai 2034 za a gama biya. Watau yaron da aka raɗa wa suna a shekarar da aka sa hannu, sai ya kai shekara 21 kafin ya fita daga wannan bashi. Ɗan garuwa kuwa yana zuba nasa ta harajin da ke kan katin waya.

To, shin adalci ne a ci bashi da sunan wanda ba a shawarta ba? Wasu za su ce ai bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma da gaskiyarsu. Ba a gina tashar jiragen ruwa da kuɗin shigar shekara guda. Bugu da ƙari, mutum yakan amfana da abin da bai taɓa takawa ba. Alhazai da 'yan kasuwar Kantin Kwari suna tashi ta filin nan, kuma cinikinsu yana ciyar da 'yan dako da masu shayi.

A ganina, gwamnati tamkar waliyyin maraya take. An yarda waliyyi ya juya dukiyar maraya, amma sai inda amfanin maraya yake, kuma ran da yaro ya balaga wajibi ne a kawo masa lissafi. Saboda haka tambayoyi uku nake yi wa kowane babban aiki. Zai fi bashinsa tsawon rai? Zai samar da abin biyan kansa? An bayyana wa jama'a sharuɗɗan?

Tarihi ya nuna mana abin da rashin lissafi ke jawowa. A 1975 gwamnatin Janar Gowon ta yi odar siminti fiye da abin da tashar Apapa za ta iya saukewa. Ɗaruruwan jirage suka yi watanni a bakin Legas ana biyansu kuɗin jira, har siminti ya daskare a cikin wasu. Lokacin nan kuɗin mai ne, ba bashi ba, amma dukiyar marayun ce dai. Tashar tsandauri ta Dala da ke Zawachiki kuwa, tun 2006 aka ba da izininta, sai a 2023 aka buɗe ta.

'Yan'uwa ɗalibai, gobe wasunmu ne za su riƙe alƙalamin sa hannu. Kafin ku sa, ku tuna akwai ɗan garuwa a Unguwar Gano da zai biya, kuma yana da hakkin a kawo masa lissafi.