Wa Ke Buga Ƙofa?

In akwai Littafi Mai Tsarki a gidanka, buɗe Ayyukan Manzanni sura 12. Kira uwargida da yara su zauna, gama zancen nan na dukan gida ne.

Sarki Hirudus ya tasar wa ikkilisiyar Urushalima. Ya sa aka kashe Yaƙub ɗan'uwan Yahaya da takobi. Da ya ga abin ya yi wa mutane daɗi, sai ya kama Bitrus ma, ya sa soja 16 su yi tsaronsa, aka ɗaure shi da sarƙa biyu. Masu bi ba su da makami, ba su kuwa da wani babba a fada. Sai suka taru da dare a gidan Maryamu, uwar Yahaya Markus, suna roƙon Allah. A daren nan mala'ika ya tashe Bitrus daga barci, sarƙoƙin suka zube, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Bitrus ya nufi gidan da ake addu'a, ya buga ƙofa. Wata baranya mai suna Roda ta gane muryarsa, amma don murna ta manta ta buɗe, ta sheƙa ciki da labari. Suka ce mata ta haukace. Ga amsar addu'arsu tsaye a waje cikin duhu, su kuwa suna ciki suna gardama!

Kada ka ce wannan labarin mutanen dā ne. Ran Jumma'a 16 ga Janairu 2015 aka sa wa majami'u wuta a Damagaram, kashegari aka yi haka a Yamai, saboda wani zane da wata jarida ta buga can Faransa, wanda babu hannun mai bi ko ɗaya na ƙasarmu a ciki. Mutum 10 suka mutu, hukuma kuwa ta ƙidaya majami'u 45 da aka ƙone a Yamai kaɗai. A Yuni 2019 aka ƙone wata majami'a a Maraɗi. A jihar Tillaberi, wajen Makalondi da Torodi, masu bindiga sun riƙa shiga ƙauyukan Gurmawa a kan babura, su hana sujada, su kora shanu. Iyalai da yawa sun bar gonakin da kakanninsu suka share. Kai manomi ne, ka san abin da ake nufi da barin rumbu cike a gudu da tabarma kaɗai.

To, me za ka yi, kai da ba ka da iko? Abin da mutanen gidan Maryamu suka yi. Lura, ba su yi addu'a a dunƙule ba. Bitrus suka ambata. Mu kuwa sau da yawa mukan ce, Allah ka taimaki masu shan tsanani, mu wuce zuwa roƙon ruwan sama, ba mu tuna da fuskar kowa ba. Ibraniyawa 13:3 ta umarce mu mu tuna da ɗaurarru kamar tare aka ɗaure mu. Wanda aka ɗaure shi tare da wani, ai ya san sunansa.

Ga suna ɗaya. Ran 19 ga Fabrairu 2018 aka kwashe 'yan mata 110 daga makarantar Dapchi, a jihar Yobe ta Nijeriya. Bayan wata guda aka komo da sauran da ke raye, aka riƙe Leah Sharibu, yarinya 'yar shekara 14, domin ta ƙi musun Almasihu. Uwa, dubi 'yarki da ke daka a tsakar gida, ki yi tunanin uwar Leah. Koya wa yaranki wannan suna.

Wataƙila za ka ce, an daɗe ana addu'a, ina amfanin? Ji wannan. A Oktoba 2016 aka sace Jeff Woodke, Ba'amurke mai aiki tsakanin makiyaya, daga gidansa a Abalak, jihar Tawa. Shekara ta bi shekara, har waɗansu suka fid da rai. A Maris 2023 aka sake shi, bayan fiye da shekara 6. Fada Pier Luigi Maccalli, wanda aka sace a Bomoanga a Satumba 2018, ya fito a Oktoba 2020. Ƙofar ƙarfe takan buɗe har wa yau.

Amma ba zan ruɗe ka ba, ɗan'uwa. A sura ɗaya aka ceci Bitrus aka kashe Yaƙub, Littafin kuwa bai ce Allah ya fi ƙaunar ɗayan ba. A Janairu 2020 Boko Haram suka kama Fasto Lawan Andimi na Ekklesiyar 'Yan'uwa a Michika, jihar Adamawa. Dubban mutane sun yi masa addu'a, duk da haka aka kashe shi. Sai dai a saƙon da ya aiko yana hannunsu bai zagi kowa ba, ya gaya wa iyalinsa kada su yi kuka, su gode wa Allah. Daga ina mutum yake samun irin wannan zuciya a bakin mutuwa? Saboda haka in kana addu'a, roƙi kuɓuta, ka kuma roƙi ƙarfin tsayawa. Ka tuna da gwauraye da marayun da aka bari.

Yanzu mu koma bakin ƙofa. Mai yiwuwa ne wanda kake yi wa addu'a ya iso garinku gobe, da mata da 'ya'ya, ba gona, ba akuya. Kada ka bar shi yana bugawa kai kana ciki kana rera waƙa. A sura 11, sa'ad da yunwa ta taso, masu bi na Antakiya suka aika wa 'yan'uwa na Yahudiya gudummawa, kowa gwargwadon ƙarfinsa, ta hannun Barnaba da Shawulu zuwa ga dattawa. Ba attajirai aka jira ba. In kaka ta yi, ware dami guda na hatsi. In dami ya fi ƙarfinka, tiya guda. Zumuntar mata su tara zanen da ba a ɗaurawa, da sabulu, da tukunya. Mai fili ya ba baƙo aron kadada ya noma, gama namiji ya fi son fartanya a hannunsa da ƙwaryar bara. A danƙa kome a hannun dattawan ikkilisiya, a rubuta, a karanta a gaban jama'a, don kada Shaiɗan ya sami ƙofar zargi. Abu ɗaya kuma: kada ka baza sunan wanda ya gudo ko inda ya sauka a wayar salula. Surutu ya sha jawo wa mutum mutuwa.

Ka kuma tsare zuciyarka daga ƙiyayya. Maƙwabcinka Musulmi ba shi ne maƙiyinka ba. A 2015 akwai Musulmi da suka ɓoye masu bi cikin gidajensu. Masu bindigan nan ba su bar masallaci ba: a Maris 2025 sun kashe mutum 44 a masallacin Fambita, jihar Tillaberi, ran Jumma'a. In wanda ya gudo Musulmi ne, buɗe masa, ba shi fura.

Su masu kisan fa? Nan ne wuyar take, ni ma na sani. Amma Istifanas ya roƙa wa masu jifansa gafara, saurayin da ke tsaron rigunansu kuwa Shawulu ne, shi ne wanda daga baya ya ɗauki gudummawar Antakiya ya kai wa ikkilisiyar da ya taɓa tsananta. Yawancin masu hawan baburan nan samari ne, kowannensu da uwar da ta goya shi. Yau da dare, bayan tuwo, in kun durƙusa kun ambaci Leah da iyalin Fasto Andimi da 'yan'uwa na Makalondi, ku ambaci samarin nan su ma a gaban Ubangiji.