Cinikin Abin da Bai Nuna Ba



Ya ku ƴan'uwa Musulmi, duk wanda ya zauna ƙasar Magarya ko Dungas ya san tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, gero kuwa bai yi kai ba. A lokacin ne manomi yakan karɓi kuɗi wurin ɗan kasuwa, da alkawarin biya da buhun gero ko riɗi in kaka ta yi. Shin halas ne?

Shari'a ta yarda da asalin wannan ciniki, shi ne malamai ke kira salam. Hadisin Ibn Abbas ya nuna Annabi (SAW) ya iske mutanen Madina suna yin sa, bai hana ba, sai ya sharɗanta sanannen awo da sanannen lokaci. Malikiyya sun ce a miƙa kuɗin nan take, ko cikin kwana 3, kuma kada a ɗaura cinikin kan gona guda, domin tana iya ƙin yi. Wanda ya sayi abinci kuma ba ya sayar da shi sai ya karɓa.

To, a birnin Shikago na Amurka akwai kasuwar da aka kafa a 1848, inda ake cinikin alkawarin masara da alkama. Mafi yawan masu sayen ba su son ko tiya guda, ratar farashi kaɗai suke nema. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta ce wannan bai halatta ba, tunda ba kuɗi a hannu, ba kaya. Su kansu Amurkawa sun haramta irin wannan ciniki a kan albasa a 1958, suka kafa hukumar sa ido a 1974.

Amma kada mu yi saurin wanke kanmu. Ciniki yana iya cika kowane sharaɗi, alhali an karya wa mai yunwa farashi don an san ba shi da mafita. A ganina, nan ne hukuma ke da hakkin shiga, kuma malamanmu ba su rasa hujjar hakan ba in cuta ta game jama'a. Ƙayyade farashi kaɗai bai isa ba. Manoman gyaɗa sun ga zamanin SONARA, wadda aka kafa a 1962. Tsarin da aka fara a Nijar wajen 1999 ya fi kusa: manoma su ajiye hatsi a sito, su karɓi bashi a kansa, su sayar da bazara. Saura aikin malamai da ƙungiyoyin manoma, su duba yadda za a raba wannan bashi da riba.