Shin Gwaninta Tana Wanke Sana'a?

A Ingila akwai wata irin giya mai launin makuba, wadda ta ƙara suna bayan fitowar Newcastle Brown Ale a 1927. A yau ƙananan gidajen dafa giya a Ingila da Amurka suna yin irinta, kowane gida da hannunsa. Wanda aikinsa ɗanɗana ta ne yakan ɗaga kofi ya duba launi, ya shinshina, ya kurɓa, sannan ya ce ya ji ƙamshin soyayyar gyaɗa da na ɓawon burodi, da ɗan ɗaci a ƙarshen harshe. Musulmi ba ya buƙatar dogon tunani kafin ya san hukuncin abin da ke cikin kofin. Amma akwai tambayar da hukuncin bai rufe ba: me za mu ce game da mutumin da ya dafa ta, idan ya tabbata cewa ya yi aikinsa da haƙuri da tsabta da riƙon amana?

Kafin a yanke, ya kamata a san aikin. Ana jiƙa sha'ir har ya yi tsiro, kamar yadda masu burukutu suke yi wa dawa. Sai a busar, a gasa wani kaso har ya yi duhu. Gashin nan ne tushen launin da ƙamshin, ta hanyar haɗuwar sukari da sinadaran furotin a kan zafi, abin da Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912, kuma shi ne yake sa tsire ya yi ja, burodi ya yi ɓawo. Daga nan a jiƙa tsiron a ruwan zafi, a tace, a tafasa da wani fure mai ɗaci, a huce, a zuba yis. Yis ɗin ne yake mai da sukari barasa. Kowane mataki yana da ma'aunin zafi da na lokaci, kuma ƙazanta kaɗan tana iya lalata tukunya guda.

Su kansu ƙananan gidajen suna da tarihin da ba a rasa abin yabo a cikinsa ba. Lokacin da manyan kamfanoni shida suka mamaye kasuwar Birtaniya, wasu mashaya suka kafa ƙungiyar CAMRA a 1971 don kare tsohon salon dafuwa. A Amurka kuwa, dokar da Shugaba Jimmy Carter ya sa wa hannu a 1978 ta halatta dafa giya a gida, kuma da yawa daga masu ƙananan gidajen ta nan suka faro. Labari ne na ƙaramin mai sana'a da ya ƙi yarda babban jari ya haɗiye shi.

Amsa mafi sauƙi ita ce a musanta gwanintar gaba ɗaya, a ce ba wani abin kirki da zai fito daga hannun mai giya. Wannan amsa tana kwantar da rai, sai dai ba gaskiya ba ce, kuma addini bai dogara da ƙarya ba. Aya ta 219 ta Suratul Baƙara, wadda malamai suke lissafawa cikin matakan haramta giya kafin hukuncin ƙarshe a Suratul Ma'ida, ba ta ɓoye cewa mutane suna samun wasu amfanoni a cikinta ba. Ta dai rinjayar da zunubin a kan amfanin. Ma'auni aka ɗora, aka faɗi abin da ke kowane ɓangare. Wanda ya kasa hana kansa abu sai ya fara yi masa ƙage, to haninsa yana tsaye ne da ƙafa ɗaya.

Amsa ta biyu ita ce ta masu sha'awa, cewa abin da aka ƙera da irin wannan kulawa ya wuce a kira shi kayan maye. Nan ma akwai ruɗi. Yawancin abin da mai ɗanɗano yake yabawa aikin wuta ne da hatsi, amma abin da yake shiga jini barasa ce, kuma hanta ba ta tambayar girman gidan da aka dafa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Kyawawan kalmomi suna iya zama mayafi, kuma Bahaushe ya san kyan ɗan maciji.

Aristotal ya bambanta iya ƙera abu da iya zaɓen abin da ya dace a yi. Na farko yana sa wuƙa ta yi kaifi, na biyu yana tambayar me za a yanka da ita. Gwaninta tana ƙara wa aiki ƙarfi ta kowace fuskar da aka nufa da shi, don haka ba ta da ikon wanke shi. John Cadbury, wanda ya buɗe shagonsa a Birmingham a 1824, ɗan gwagwarmayar yaƙi da shan giya ne, kuma ya sayar da shayi da kofi da koko don mutane su sami madadi. Gashi da ƙamshi da haƙurin duk suna nan a sana'arsa. Alƙiblar ce ta bambanta.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Idan gwaninta ba ta wanke haramtacciyar sana'a, halaccin sana'a ma ba ya wanke ha'inci. Mai nonon da ya ƙara ruwa, da mai hatsin da ya bubbuga gindin mudu, da maginin da ya rage siminti a ginin da yara za su kwana ciki, duk sana'o'insu halal ne, kuma akwai sura guda a Alƙur'ani da ta buɗe da gargaɗin masu tauye ma'auni. Abin kunya ne a ce mai dafa abin da aka hana mu yana zubar da tukunyar da ta ɓaci don kada ya cuci mai saye, alhali mai sayar da abin da aka halatta mana yana ɓoye ruɓaɓɓen tumatir a ƙasan kwando.

Saboda haka hukunci mai adalci yana da fuska biyu, kuma dole a riƙe su tare. Kofin abin bari ne, komai kyan launinsa. Hannun da ya dafa shi kuwa yana da halin da ya cancanci a gane, a kuma yi koyi da shi a inda ya dace. Wanda ya bar giya ya sauke nauyi ɗaya. Sauran nauyin yana jiransa gobe da safe a bakin shagonsa, lokacin da mai saye zai miƙa kuɗi ba tare da ya duba ƙasan kwandon ba.