Rigar Aro a Dandali: Ko Ya Dace a Yi Ƙarya Don a Gano Gaskiya?

Akwai wata tambaya da ɗalibai kan jefo mana duk lokacin da muka zo darasin wasan kwaikwayo, kuma ba mu taɓa ganin shekarar da aka rasa mai yin ta ba. Yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, to ai duk ƙarya ce. Wanda ya fito a sarki ba sarki ba ne, wadda take kuka kuma ba abin da ya same ta." Mukan yi murmushi mu wuce saboda lokaci, amma a gaskiya yaron ya sosa mana inda yake yi mana ƙaiƙayi. Mu da muke ƙaga mutanen da ba a taɓa haifa ba, mu sa musu magana a baki, mu aurar da su, mu kashe su, sa'an nan mu ce muna wa'azi da gyaran tarbiyya, ya kamata a ce muna da amsa. Shin ya dace mutum ya sa rigar ƙarya don ya gano gaskiya? Don neman amsa, za mu ɗauki misali daga wani tsohon wasan raha da soyayya na ƙasar Faransa, da kuma yadda mutanen gari suke shirya shi a fili.

Marubucin wasan shi ne Marivaux, wanda ake furta sunansa Maribo. An haife shi a birnin Faris a 1688, ya rasu a 1763. Sunan wasan Le Jeu de l'amour et du hasard, wato Wasan So da Katari, kuma wata ƙungiyar 'yan wasa Italiyawa da ke zaune a Faris ce ta fara nuna shi a watan Janairu na 1730. Kashi uku ne, kuma manyan 'yan wasansa shida ne kacal.

Ga yadda labarin yake a taƙaice. Wani mai hali, Orgon, ya shirya aurar da 'yarsa Silbiya ga Dorant, ɗan wani tsohon amininsa, alhali yaran ba su taɓa ganin juna ba. Silbiya ta tsorata, domin ta ga mazan da suke da fara'a a waje amma a gida sai ɗaure fuska da muzgunawa. Sai ta roƙi mahaifinta ya bar ta ta yi musanyar tufafi da 'yar aikinta Lizet, don ta ƙare wa manemin kallo ba tare da ya sani ba. Orgon ya yarda, domin akwai wasiƙa a hannunsa da ke sanar da shi cewa shi ma Dorant dabarar da ya shirya ke nan: zai zo a matsayin bara, baransa Arlekan kuma ya zo a matsayin ango. Uban da ɗansa Mariyo suka ja bakinsu suka yi shiru, suka koma gefe suna kallo. Sai ga 'yar masu gida ta kamu da son wanda take zaton bara ne, shi ma ya kamu da son wadda yake zaton 'yar aiki ce, kowa yana fama da zuciyarsa yana jin kunyar kansa. A can gefe kuma Lizet da Arlekan kowa yana murna ya yi babban kamu.

Wannan wasa yana daga cikin waɗanda ƙungiyoyin 'yan sa-kai suke so, kuma dalilin a bayyane yake. Ba ya bukatar taron jama'a, a wuri ɗaya ake yin sa tun daga farko har ƙarshe, kuma marubucinsa ya daɗe da rasuwa balle a biya shi haƙƙin mallaka. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da sanyi ya ja da baya kuma rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare ko fiye, ƙungiyoyin ƙauyuka da ƙananan garuruwan Faransa sukan fito da kujeru dandalin gari, ko lambu, ko harabar wani tsohon gida, su nuna abin da suka yi watanni suna gwadawa bayan an tashi daga aiki. Al'adar tana da tushe. A 1895 wani marubuci mai suna Maurice Pottecher ya kafa gidan wasan jama'a a ƙauyen Bussang, cikin duwatsun gabashin Faransa, inda danginsa da ma'aikatan masana'anta da mutanen ƙauye suka hau dandamali tare. Ginin na katako ne, bangon bayan dandamalin kuma yana buɗewa a ga daji da itatuwa, kuma ƙwararru da 'yan sa-kai suna haɗuwa a can su yi wasa duk shekara.

To, mu ƙaddara muna zaune a irin wannan dandali. Ba labule, ba ɗakin da ɗan wasa zai ɓuya sai bayan wata bishiya ko tanti. Iska tana kwashe murya, agogon coci yana bugawa a tsakiyar zancen masoya, kowa kuma yana satar kallon sama ko hadari zai taso. Wasan cike yake da wuraren da ɗan wasa zai juya ya yi magana da zuciyarsa, wai kada abokin zancensa ya ji. A cikin ɗaki ana iya yin ta ƙasa-ƙasa, amma a fili dole ya ɗaga murya har na kujerar baya ya ji, sai asirin zuciya ya zama shela. Bugu da ƙari, duk wanda ke zaune ya san cewa wannan ɗan masu kuɗin makanike ne, jiya ma shi ya gyara masa mota, waccan 'yar aikin kuma malamar asibiti ce. Ke nan a daren akwai rigar aro iri biyu: wadda Silbiya ta sa don ta ruɗi Dorant, da wadda maƙwabta suka sa a gaban maƙwabtansu. Ɗalibinmu zai ce duk kanwar ja ce. Mu kuwa muna ganin akwai bambanci, kuma a nan amsar take.

Bari mu fara yi wa Silbiya adalci. A Faransar 1730 babu saki. Sai a 1792, a lokacin juyin juya hali, doka ta ba da damar raba aure. Yarinyar da ta faɗa hannun mugun miji ta faɗa ke nan har mutuwa. Mu ma a nan ai ba a ɗaura aure sai an yi bincike, ana tambayar maƙwabta da abokan sana'a ba tare da an sanar da wanda ake bincika ba, kuma ba mai kiran wannan ha'inci. Wanda ba shi da ƙarfi, kuma za a yanke masa hukuncin rayuwa, in ya nemi hanyar gani da idonsa, da wuya mu ɗora masa laifi. Da a nan wasan ya tsaya, da sai mu ce wani lokaci larura takan sa a ɗaga wa mutum ƙafa.

Amma ba a nan ya tsaya ba. A ƙarshen kashi na biyu, Dorant ya kasa jurewa, ya gaya wa Silbiya gaskiyar ko shi wane ne. A wannan lokaci duk abin da take tsoro ya kau: ta ga halinsa, ta san asalinsa, ta san yana son ta. Me ya rage? Ta ce ni ma ga ni. Sai ta ƙi. Ta haɗa baki da ɗan'uwanta Mariyo ya fito a matsayin mai neman ta don kishi ya ci Dorant, ta ci gaba da wahalar da shi har sai da ya yarda zai auri 'yar aiki, ko da zai ɓata da mahaifinsa ya zubar da darajarsa. Wannan kuma ba neman gaskiya ba ne, neman nasara ne. Rigar da aka sa don kare kai ta koma abin ɗaure wani. Haka ƙarya take, wanda ya are ta don kwana ɗaya yakan ji daɗinta ya ƙi mayarwa.

Sai kuma waɗanda aka manta da su. Duk gidan ba wanda ya kai Lizet gaskiya. Da ta ga baƙon da take zaton ango ne yana neman faɗawa hannunta, ita da kanta ta je ta gargaɗi maigidanta, ta ce a dakatar da wasan tun kafin ta raba uwar ɗakinta da miji. Orgon, wanda ya san bara ne, ya ce ta ci gaba, in ta iya ma ta aure shi. Aka bar ta tana gina gida a kan iska don masu gida su sami abin dariya. Gaskiya ne da asiri ya tonu ita da Arlekan dariya suka yi suka karɓi juna, amma haƙurin talaka ba ya wanke wanda ya yi wasa da shi.

Daga nan muna iya fitar da ma'auni guda uku da za a auna kowace rigar aro. Na farko, wa ya san an sa ta? Na biyu, wa zai biya kuɗin ɗinkinta? Na uku, yaushe za a tuɓe ta? Rigar Silbiya ta faɗi a duka ukun: an ɓoye ta ga wanda abin ya shafa, barori ne suka ɗauki asararta, kuma ba a tuɓe ta ba a lokacin da bukatarta ta ƙare. Rigar makanike kuwa ta ci duka ukun. Kowa ya zo da ƙafarsa ya zauna da sanin wasa ne, ba wanda ya koma gida da asara, kuma da an tafa sai ya tuɓe ta a gaban kowa ya kama kwashe kujeru. Abin da aka yi da sanin mutum da yardarsa ba a ce an yaudare shi ba. Haka muka gada a tashe, inda yaro zai manna gemun auduga ya fito a tsoho, unguwa duka ta san ɗan wane ne, amma ta ɗauki darasin.

Wani abin lura shi ne irin gaskiyar da kowace riga ta tono. Bayan duk wahalar da aka sha, abin da dabarar Silbiya ta tabbatar bai wuce ƙwarya ta bi ƙwarya ba: ɗan masu gida ya gane 'yar masu gida ko a cikin tsumma, bara kuma ya ƙare da baranya, kamar dai a ce daraja a jini take. A 2004 Abdellatif Kechiche ya fitar da wani fim mai suna L'Esquive, wanda ya ci kyautar César ta fim mafi kyau a 2005, inda yaran wata unguwar talakawa a gefen Faris suke gwajin wannan wasa a fili tsakanin dogayen gidaje, malamarsu kuma tana nuna musu cewa babu wani katari a cikinsa, kowa ajinsa ya bi. To amma dubi abin da dandali yake yi wa wannan ra'ayi. In makanike zai iya koyon tafiyar Dorant da lafazinsa cikin 'yan watanni har maƙwabtansa su shagala, ashe abin da ake kira jini tarbiyya ce da dama, kuma ana koyonsa. Ƙaryar ɓoye ta tono ƙaramar gaskiya, wasan fili kuwa ya tono wadda ta fi ta, har ta ƙaryata labarin da ake nunawa.

'Yan'uwa marubuta, wannan magana ta dawo kanmu. Sau nawa muka karanta, ko muka rubuta, labarin ɗan attajirin da ya fito a direba ko maigadi don ya gwada budurwa? Mukan tafa wa wadda ta ci jarrabawa, mu saka mata da gida da mota, mu bar waɗanda suka faɗi da cizon yatsa. Ba mu cika tambayar wa ya ba shi izinin jarraba mutane ba, ko kuwa yaya zai ji in shi aka yi wa, tunda wanzami ba ya son jarfa. Ba mu cika tambayar yadda amana za ta zauna a gidan da aka aza harsashinsa a kan dabara ba. Mafi muni, darasin da yarinya mai karatu za ta ɗauka ba shi ne ta girmama talaka ba, sai dai ta lallaɓa shi ko da Allah zai sa mai kuɗi ne a ɓoye. Ba muna cewa a daina rubuta irin wannan labari ba. Maribo ya rubuta shi, kuma ya bar mana Lizet a ciki don mai ido ya gani. Abin da muke cewa shi ne, in mun sa wa tauraronmu rigar aro, to mu nuna wanda ya biya kuɗinta.

Saboda haka in ɗalibin nan ya sake ɗaga hannu, ga abin da za mu gaya masa. Ƙarya ita ce ka sa mutum ya yarda da abin da ba haka yake ba, ba da saninsa ba, don ka ci wata riba a kansa, ko da ribar sanin halinsa ce. Ƙagaggen labari da wasan kwaikwayo kuwa a fili ake yin su, an rubuta a bango cewa ƙage ne, mai karatu ya shigo da yardarsa. Muddin muka riƙe wannan amana, ba mu sayar da ƙage da sunan tarihi ba, ba mu ɓoye wani mutum na gaske a cikin labari don mu ci mutuncinsa ba, to sana'armu irin ta makaniken nan ce, ba irin ta Silbiya ba. Wanda kuma yake son sanin halin mutum kafin aure, ya yi bincike, ya yi tambaya, ya zo da fuskarsa. Hali zanen dutse ne, mai haƙuri zai gan shi ba sai ya ari rigar kowa ba.